Babur Na Farko: Wane Inji Ya Dace Da Sabon Hannu?

Tun da a ka watse daga kasuwannin Layya, kuɗi su ka ɗan zauna a aljihun jama'a, tambaya guda mu ke ta sha a tike da rumfunan shayi. Wannan ya ce zai saya wa babban ɗansa moto don ya riƙa zaga masa kasuwannin ƙauye, wancan ya ce shi da kansa ya gaji da jiran motar kasuwa wadda ba ta tashi sai ta cika har bisa rufi. Kowa in ya gama zagaye-zagayensa sai ya sauka a wuri ɗaya: "To Alhaji, wanne zan ɗauka, 100 ko 125 ko 150?" Samari kuwa ba su ma tambaya. Su dai 200 su ke so, don shi ne in ya wuce a ke waiwaye.

Mu ba makanikai ba ne, sana'armu dabba ce. Amma mun hau, mun faɗi, mun tura babur cikin rairayi da tsakar rana, mun kuma je dubiya da ta'aziyya a gidajen da a ka shigo da sabon babur a na guɗa. Saboda haka mu ka zauna da masu gyara, mu ka haɗa abin da su ka sani da abin da mu ka gani. Ra'ayinmu kuwa ba za mu ɓoye shi sai ƙarshe ba. Wanda bai taɓa mallakar babur ba, ya tsaya tsakanin 100 da 125. Ɗari da hamsin sai da dalili mai ƙarfi, za mu kuwa faɗi dalilin. Daga 200 zuwa sama a bar wa wanda hannunsa ya nuna.

Mece ce wannan lamba?

Da yawa daga cikinmu mu na faɗin "125" ba tare da mun san abin da a ke aunawa ba. Wasu na zaton gudu ne, wato kilomita 125 a awa. Ba haka ba ne. A cikin inji akwai wani rami kamar turmi, shi ne silinda, a cikinsa kuma fistin na hawa da sauka kamar taɓarya. In ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da mai, in ya hau ya matse su, sai buji (wanda mutanen Najeriya ke ce wa fulogi) ya ba da wuta, abin ya fashe ya tura fistin ƙasa. Yawan wurin da fistin ke sharewa daga sama zuwa ƙasa shi ne lambar, a na auna shi da sisi, sisi dubu kuwa lita ɗaya ne. Ashe ke nan injin 125 kashi ɗaya ne cikin takwas na kwalbar lita. Injin 150 bai wuce cikin gwangwanin madara ba. Duk hayaniyar da a ke yi a kan ɗan wannan wuri ne.

Ga misali da zai ƙara haskaka zancen. Injin Honda CG125, wanda yawancin baburan Sin da ke ƙasashenmu su ka kwaikwayi ƙirarsa, faɗin raminsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistin kuma milimita 49.5. In an buga lissafi sisi 124 ke fita. Ɗan'uwansa na 150 tafiyar fistin ɗaya ce, ramin kawai a ka faɗaɗa zuwa milimita 62. Bambancin bai kai kaurin fensir ba. Lambar da ke jikin tanki ma cikata a ke yi don daɗin faɗi: Boxer 150 na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, ainihin injinsa sisi 144.8 ne.

Kuma lamba ba ita kaɗai ce ƙarfi ba. Mu da mu ke sayen shanu mun san haka. Wanda bai san Kuri ba in ya ga ƙahonsa sai ya tsorata, alhali ƙahon nan ba shi da nauyin da ido ke ba shi. Baburan 100 na yanzu ƙarfinsu wajen doki 8 ne, CG125 wajen doki 11, Boxer 150 wajen doki 12. Kun ga tsakanin 125 da 150 ba wata tazara ba ce a wajen gudu. Inda 150 ya fi shi ne ja: in an ɗora kaya, ko an shiga hawa, ya na tashi ba tare da an matsa masa ba. Akwai kuma tsofaffin injuna masu hayaƙi, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin su Yamaha DT125 da Suzuki AX100. Su a kowane juyi ɗaya wuta ke tashi, na yanzu masu bawul kuwa sai a juyi biyu. Shi ya sa 125 mai hayaƙi ya fi 125 mai bawul zafin tashi da shan mai, ko da ya ke lambarsu ɗaya. Wanda zai sayi tsohon babur a hannu ya riƙe wannan.

Da me iyayenmu su ka yi fatauci?

Mu na so samari su ji wannan. Kafin baburan nan su cika gari, malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa mai rufin asiri Mobylette su ke hawa, injinta kuwa bai cika sisi 50 ba, in an zo hawa har da ƙafa a ke taimaka mata. Wanda ya samu Yamaha 80 ya zama abin nuni. Honda Super Cub, wanda ya fito a Japan a 1958 da inji mai sisi 49, shi ne abin hawa mai inji da a ka fi ƙerawa a duniya, domin a 2017 an cika guda miliyan 100. Ba da ƙarfin doki ya ci duniya ba, da sauƙin hawa ne da rashin shan mai da jure wahala.

CG125 kuwa, da ya fito a 1975, don irin ƙasashenmu a ka yi shi. Injiniyoyin kamfanin sun zaga ƙasashe masu tasowa su ka tarar mutane na ɗora wa babur kayan da su ka fi ƙarfinsa, ba sa yin juye a kan lokaci, ba sa zuwa wurin makanike sai abin ya tsaya cak. Maimakon su yi wa mutane wa'azi, sai su ka ƙera inji mai sauƙin haɗi, mai jure tsohon mai, su ka sa masa matatar iska ta soso wadda a ke wankewa a mayar. Yamaha AG100 kuma, wanda malaman dabbobi da ma'aikatan ayyukan raya karkara su ka daɗe su na shiga ruga da shi, an yi shi ne a 1973 don masu kiwon tumaki da shanu na ƙasar Ostireliya. Sisi 97 ne kacal. Amma wane daji ne bai shiga ba?

Da a ka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, baburan Japan su ka fi ƙarfin talaka. Daga shekarun 2000 ne na Sin da na Indiya su ka kwararo, irin su Kasea da Haojue da Jincheng da Bajaj da TVS, har kabu-kabu ya zama sana'ar dubban samari a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Arahar nan alheri ce, ba mu musu. Amma ita ce kuma ta sa yaron da jiya-jiya ya bar keke, yau ya ke iya ɗare wa injin da ubansa bai taɓa mafarkin hawa ba.

Hanya da kaya

Tambayar farko da mu ke yi wa mai son saye ita ce: ina za ka riƙa zuwa, me kuma za ka riƙa ɗauka? In ya amsa wannan da gaskiya, rabin shawara ta ƙare.

Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, daga gida zuwa tike, daga tike zuwa tasha ko ofishin duwan, shi kaɗai ko da goyo ɗaya, to 100 ko 110 sun ishe shi har da saura. Irin waɗanda a ke ce wa roba-roba ma sun fi sauƙi ga sabon hannu, don ba su da kulocin hannu, ƙafa kawai ke sa giya, mutum ya na iya mai da hankalinsa kan hanya. Aibinsu shi ne cikinsu kusa ya ke da ƙasa, ba sa kuma son rami da kaya mai nauyi.

Dillalin da ke bin kasuwannin mako kuwa labarinsa dabam ne. Wanda zai tashi daga Maraɗi ya nufi Dakoro, tafiyar da ta haura kilomita 100, ko daga Damagaram ya gangara Magarya ya tsallaka Maigatari ranar Alhamis, ko daga Yamai ya je Balleyara ranar Lahadi ya komo a ranar, wannan ya na bukatar injin da zai riƙe 60 zuwa 70 na awa biyu ba tare da ya yi kuka ba. Ɗari zai yi, amma a ƙarshen ƙarfinsa ya ke aiki, musamman in da goyo ko iskar hunturu na bugun ƙirji. Inji mai aiki a ƙarshen ƙarfinsa kullum ba ya tsufa da kyau, kamar san noma ne da a ke ɗaura wa garma daga asuba har azahar. A nan ne 125 ya ke da daɗi. Ya na da ɗan rara, bai kuma yi nauyin da zai gagari mai koyo ba.

Sai maganar kaya, inda mu ke yawan cutar kanmu. Baburan 125 akasari abin da masu ƙera su su ka yarda a ɗora musu wajen kilo 150 ne, har da mahayin. To a lissafa. Kai kilo 70, yaronka na goyo kilo 60, an kusa cikewa tun ba a ɗauki komi ba. A ƙara rago mai kilo 50 a kan kariya, ko buhun hatsi mai kilo 100. Mun san a na yi, mu ma mun yi, Allah ya yafe mana. Amma a sani cewa ƙara girman inji ba ya ƙara ƙarfin wayoyin taya, ba ya ƙara kaurin birki. Inji zai ja, sauran jikin ne ke biya.

Ba kuma mu ce ƙarami ne kullum daidai ba. Akwai wani abokin cinikinmu, dillalin awaki, da ya ga araha ya sayi tsohon babur mai sisi 70, ya ce ai duk tafiya ce. Ƙauyensu kuwa sai an keta rairayi na kusan awa guda. Ya kan ɗaure akuya biyu a baya ya ɗora ƙanensa, ya shiga yashi da giya ta ɗaya ya murɗe totur har ƙarshe. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, babu ruwa a cikinsu, saboda haka in inji na ihu babur kuwa na tafiyar kunkuru, zafi taruwa ya ke yi ba mai kwashe shi. Kafin damina ta faɗi kuloci ya ƙone, fistin ya kama. Abin da ya kashe a gyara da ya haɗa da kuɗin saye da ya sayi 125 mai lafiya. Araha ba ta ado.

To ga dalilin 150 da mu ka yi alkawari. Mutum babba mai jiki, wanda ya riga ya iya hawa a kan baburan 'yan'uwa ko da bai taɓa mallakar nasa ba, hanyarsa kuma rairayi ce mai zurfi ko hawan dutse irin na ƙasar Adar, kullum kuma da goyo da kaya, wannan in ya ɗauki 150 ba mu ga laifinsa ba. Amma sharuɗɗan nan a haɗe su ke. In ɗaya ya faɗi, a koma 125.

Hannun da bai nuna ba

Nan ne zancen ya fi yi mana nauyi. Sabon mahayi ba a gudu ya ke fara kuskure ba, a hannu ne. In ya firgita, maimakon ya saki totur sai ya ƙara damƙe shi, hannu ya murɗa baya ba da saninsa ba. A kan 100, wannan kuskure zai sa babur ya yi tsalle kaɗan, ya faɗi, a kakkaɓe riga a yi dariya. A kan 200, kuskuren nan guda zai kai shi jikin bango ko ƙarƙashin mota kafin ya tuna inda birki ya ke. Kuskuren ɗaya ne, hukuncin ne ya bambanta. Kowane mai koyo kuwa sai ya yi shi, ba sau ɗaya ba.

Shekaru uku da su ka wuce wani maƙwabcinmu a tike ya ci riba mai kyau a kan shanun da ya kai kudu. Ɗansa, saurayi mai hankali wanda ke riƙe masa littafin bashi, ya roƙe shi babur. Mu ka ce a saya masa 125. Yaron ya ce, "Baba, abokaina duk manya su ke hawa, in na zo da ƙarami dariya za su yi mini." Uban ya dube mu ya ce, "Ku bar shi, ɗiyan zamani ne, kuɗin ai don su mu ke nema." A ka sayo 200. Sati na shida, ya na komowa daga kasuwa gab da magariba, garke na tsallaka kwalta, wata saniya ta ja baya ta komo kan hanya kamar yadda su ka saba. Ya ce ya gan ta sarai, ya kuma taka birki. Cinyarsa ta karye biyu, ya yi wata huɗu a kwance, har yau in ya daɗe a tsaye sai ya nemi abin dogarawa. Saniyar a nan a ka yanka ta, uban ya biya mai ita. Mun gode Allah da abin ya tsaya nan, domin mun san gidajen da bai tsaya nan ba.

Ya gan ta, ya taka birki, me ya hana shi tsayawa? Lissafi ne, ba tsautsayi kaɗai ba. Mai tafiya 40 a awa, a cikin daƙiƙa ɗaya da zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki, ya ci mita 11. Mai tafiya 80 ya ci mita 22 bai ko taɓa birkin ba. Bayan an taka kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da babur zai ja kafin ya tsaya ninkawa huɗu ya ke yi, ba biyu ba. A kan burji ko kwaltar da yashi ya rufe abin ya fi haka muni. Bijimin Azawak kuwa ya haura kilo 300, karo da shi karo da katanga ne. Mu da sana'armu ta sa mu ke bin hanyoyin da dabbobi ke bi, a ranakun da su ka fi yawa, a kuma lokacin da rana ke faɗuwa, mu ne mu ka fi kowa bukatar injin da ba ya ruɗin mutum da gudu. Ƙaramin inji in ka kai 70 zai gaya maka da kuka da rawar jiki. Babban inji shiru zai yi, sai ka duba allura ka ga 95.

Turawan da ke ƙera manyan babura ma ba sa sakar wa mai koyo. A Ingila tun 1983 mai koyo ba ya wuce 125. A ƙasashen Tarayyar Turai, har da Faransa, lasin farko da a ke ba ɗan shekara 16 ya tsaya ne a kan sisi 125 da ƙarfin da bai wuce wajen doki 15 ba, sai ya ƙara shekaru ya ke hawa mataki na gaba. Su da ke da kwalta mai santsi da motar asibiti a kusa ke nan. Mu fa, da wanda ya faɗi a daji sai an nemo amalanke?

Akwai kuma nauyi, wanda ba a cika tunawa da shi a shago ba. Baburan 125 na ƙirar CG sun ɗan haura kilo 100, na 150 kan kai 120 ko fiye, roba-roba kuwa ba sa kai ɗari. A cikin rairayi faɗuwa dole ce, ko gwani na faɗuwa. Tambayar ita ce, in ya kwanta a kan ƙafarka kai kaɗai, salansa mai zafi na jikin ƙwauri, za ka iya ɗaga shi? In taya ta yi faci da ƙayar aduwa, mai faci kuwa sai an yi kilomita biyar, za ka iya tura shi? Yaro siriri ɗan shekara 18 da ƙaton bafatake ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Mai da kayan gyara

Kuɗin saye sau ɗaya a ke biya, na mai kuwa kullum ne. Babur 100 mai lafiya kan sha wajen lita 2 a kilomita 100, na 125 wajen biyu da rabi, na 150 zuwa 200 kuwa su kan doshi 3 ko su wuce in da kaya da yashi. Rabin lita ba komi ba ne a rana ɗaya. Amma dillalin da ke bin kasuwa huɗu a mako ya na iya cin kilomita 500, a shekara ke nan ya haura 25,000. Bambancin lita ɗaya a kowane ɗari ya zama lita 250. A buga da farashin yau a ga la'adar shanu nawa ce.

Da can mutanen bakin iyaka ba su damu da wannan lissafi ba, don man kwalba da ke shigowa daga Najeriya ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Tun da a ka cire tallafin mai a can a watan Mayu 2023 wannan araha ta gushe. Waɗanda su ka sha layi a gidajen mai a watan Maris 2025 kuma sun ga ranar ƙaramin inji, domin mai 100 in ya samu lita biyu ya yi kasuwa ya komo.

Kayan gyara ma haka. Kafin ka sayi kowane babur, je wurin makaniken ƙauyen da ka fi zuwa, ba na birni ba, ka dubi abin da ke rataye a rumfarsa. In fistin da ringi da farantan kuloci da sarƙar irin wanda ka ke so su na nan, to madalla. A yawancin wurarenmu na 100 da 125 ne za ka tarar, don su 'yan kabu-kabu ke hawa, duk abin da ɗan kabu-kabu ke hawa kuwa kayansa ba sa yankewa. Mun ga wannan da idonmu lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin 2023. Masu baƙin injuna sun jingine su a zaure wata da watanni don rashin ƙarfe guda da bai kai tafin hannu ba, masu 125 kuwa ko a jikin mataccen babur sai su ciro su ɗaura. Wannan ne ma ya sa in ka tashi sayarwa, 125 ba ya kwana a hannu.

Wani abu kuma da iyayenmu ba su sani ba a zamaninsu shi ne babur ya shiga maganar tsaro. An hana hawansa a jihar Difa a 2015, an hana a sassan jihar Tillaberi a farkon 2020, Burkina Faso kuma a 2022 ta dakatar da shigowa da sayar da wasu nau'o'in manyan baburan daji saboda su 'yan bindiga su ka fi hawa. Irin waɗannan dokoki su na sauyawa daga wuri zuwa wuri, saboda haka mai tsallaka jiha ko iyaka ya tambayi mai masaukinsa kafin ya kama hanya. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, a daji babban babur ya fi jan ido, na jami'i da na ɓarawo duka. Bafatake kuwa, mai kuɗin mutane a ɗamara, ba abin da ya fi bukata kamar ya wuce ba a lura da shi ba.

Ranar saye

Ba ma cinikin sa sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙora, to kada mu yi cinikin babur da fentin tanki. Takardar da a ka manna a jiki kowa na iya manna ta. A sunkuya a dubi gindin silinda, galibi an zuba ainihin girman a jikin ƙarfen, za a ga 124 ko 149 ko makamancin haka. A baburan Sin kuma lambar inji da kanta ta na faɗin gaskiya ga wanda ya iya karanta ta. In ka ga ta fara da 156FMI ko 157FMI, to 1 na nufin silinda ɗaya, 56 ko 57 faɗin rami ne, harafin ƙarshe kuma shi ne ajin girma. G na nufin 100, H 110, I 125, J 150, L kuwa 200. Saboda haka 162FMJ ɗari da hamsin ne, 163FML ɗari biyu. In tanki ya ce 150 lambar inji ta ƙare da I, ka san ɗaya daga cikinsu an sauya shi. A kuma gwada lambar nan da wadda ke cikin takardar duwan da kart giriz harafi da harafi.

Sannan wanda zai riƙa hawa shi zai zauna a kai, ba wanda ya biya kuɗi ba. Ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa sosai, ba da kan yatsu ba. Ya karkatar da shi gefe ya ga ko zai iya tayar da shi. Ya juya shi a cikin ɗan fili ba tare da an kunna ba. In uba ne ke saya wa ɗa, mu na roƙonsa ya rage wani abu daga kuɗin da ya ware don babban inji ya sayi hular kwano ta kirki, har biyu, don mai goyo ma kai gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular na rage hatsarin rauni a ka da kusan kashi 70 cikin 100. Rawani ba ya wannan aiki, ko da ya kai kamu ashirin.

In an kawo shi gida, kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, kada a wuce 50 zuwa 60, kada a ɗora masa rago ko buhu, a kuma yi juyen farko da wuri, tun bai wuce kilomita 500 ba, don ƙurar ƙarfen sabon inji ta fita. Baƙin man da 125 ke ci wajen lita ɗaya ne kawai, bai kai kuɗin igiyoyin da mu ke saye a kasuwa guda ba. Da hunturu a riƙa wanke soson iska kowane mako biyu. Makonnin farko kuma mai koyo ya yi su a fili bayan gari, inda ba mota ba garke, ya koyi tsayawa da birkin gaba da na baya tare, kafin a aike shi kasuwa da kuɗin kowa.

Maƙwabcin nan namu, da ɗansa ya miƙe, ya sayar da abin da ya rage na 200 ɗin ga masu kayan gyara. Bara ƙanen yaron ya isa hawa. Ranar da za su shago uban ya biyo ta rumfarmu ya ce mu raka su, mu ka tafi tare. Yaron ya zauna a kan guda uku, mu ka sunkuya mu ka karanta lambar inji, a ka ɗauki 125 da hula biyu. Yayan ne da kansa ya ke fita da shi fili da la'asar ya na koya masa birki.